Wai har jami'a ake zuwa a karanci farar fata?

Maman Ilham:
Salam jama'ar gida. Don Allah 'yan boko ku zo ku fitar da ni daga duhu. Ilham ta ɗauki wani kwas wannan zangon, nace me ake koya muku, tace nazarin farar fata ne Mama, wai yadda aka yi Turawan Amurka suka zama farare da kuma gatan da fatar take ba su ko basu roƙa ba. Nace ikon Allah, wato kuɗin da nake tsayuwar dare a asibiti ina tarawa a nan zai ƙare. Kuma tace fiye da rabin ajin Turawa ne, har wata ta fashe da kuka ana tsakiyar lakca wai tana jin laifin abinda kakanninta suka yiwa baƙaƙe. Ni dai abin ya ɗaure min kai, ilimi ne wannan ko siyasa ce aka sa mata hular digiri?

Aminu KD:
Hhhh Anti ai kin ba kanki amsa. Ƙoshi ne yake damunsu wlh. Mutumin da wuta bata ɗaukewa a gidansu ga ruwa a famfo dole ya nemo abinda zai yi kuka a kai

Dr. Lawal:
Wa alaikumussalam Hajiya. Aminu ka ɗan dakata. Abu biyu ne mutane suke cakuɗawa. Akwai binciken tarihi da doka da tattalin arziki, wannan yana da ƙarfi ƙwarai, akwai kuma harkar bita kan wariyar launin fata da koke-koke da ta yi kasuwa bayan 2020, wannan ni ma ina da ja a kanta. Kuma ba Turawa ne suka fara abin ba. W.E.B. Du Bois ne, baƙar fata na farko da ya yi digirin digirgir a Harvard. A littafinsa na 1935 kan shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasar Amurka ya yi wata tambaya: me ya hana talakan Bature na kudu, wanda shi ma masu gandun auduga suke tatsa, ya haɗa kai da talakan baƙar fata su ƙwaci haƙƙinsu tare? Sai ya ce ai lada biyu ake biyansa. Na aljihu ɗan kaɗan ne, amma akwai wani ladan da ba kuɗi ba, ana girmama shi a hanya, yana shiga wuraren da aka hana baƙaƙe, makarantar 'ya'yansa ta fi kyau, daga cikinsu ake ɗaukar 'yan sanda, kotu tana ɗaga masa ƙafa. Wannan ladan ne ya sa yake ganin ya fi kusa da mai gandu a kan wanda suke shan rana ɗaya. Daga wannan tambayar kusan duk fannin ya tsiro, masanin tarihi David Roediger ya ɗauko ta a 1991 ya rubuta littafi guda a kanta.

Baba Nima:
Du Bois ai namu ne. Nkrumah ne ya gayyato shi, nan Accra ya rasu a 1963, kabarinsa yana Cantonments, baƙaƙen Amurka kullum suna zuwa ziyara. Ku ci gaba ina karantawa

Aminu KD:
Toh Dokta na ji, amma ka bar wannan maganar ta "yadda suka zama farare". Allah ne ya halicce su farare, haka aka haife su, meye na bincike a nan

Dr. Lawal:
Launin jiki halitta ne, babu mai musu. Abin da ake bincike shi ne wa doka ta yarda ta kira fari, da abin da ake samu in an shiga layin. Bari in ba ka misali da kotu don kada ka ce ra'ayina ne. Dokar 1790 ta ce wanda zai iya neman zama ɗan ƙasar Amurka sai 'yantacce farar fata. To a 1922 wani ɗan Japan mai suna Takao Ozawa ya kai ƙara har kotun ƙoli, ya ce ku duba fatata, ta fi ta Turawa da yawa haske. Kotu ta ce a'a ba hasken fata ake nufi ba, ana nufin jinsin da masana suke kira Kokeshiyan, kai kuwa ba ka ciki. Bayan wata uku kacal, 1923, sai ga Bhagat Singh Thind, ɗan Indiya daga Punjab wanda har sojan Amurka ya yi, ya ce madalla, masanan nan naku sun sa mutanen arewacin Indiya cikin Kokeshiyan, a ba ni takardata. Alƙalin da ya rubuta hukuncin farko shi ya rubuta na biyu, ya ce a bar zancen masana, fari shi ne wanda mutumin kan titi ya sani da fari. Ka ga kenan ƙofa ce ake tsaro, duk makullin da ya yi daidai da ranar shi ake ɗauka. A Afirka ta Kudu ma bayan dokar rajistar jinsi ta 1950 har fensir ake soka wa mutum a gashi, in ya zame ya faɗo a sa ka a layin sama, in ya maƙale a sa ka a na ƙasa, sannan da ciniki ya haɗa su da Japan sai aka ce 'yan Japan a ɗauke su kamar farare.

Zainab Birmingham:
Dokta ka manta da Virginia, wannan ne ya fi tsaya min a rai lokacin da muka yi shi a aji. 1676 aka yi tawayen da wani Bature Nathaniel Bacon ya jagoranta, barorin Turawa da aka kawo aikin ƙwadago na wa'adi da bayi baƙaƙe suka haɗu har suka ƙona Jamestown, babban birnin Virginia a lokacin. Bayan nan ne dokoki suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, an hana baƙaƙe riƙe makami, an hana auratayya tsakaninsu da farare a 1691, zuwa 1705 baran Bature idan ya gama wa'adinsa ana sallamarsa da masara da kuɗi da bindiga shi kuwa baƙi bawa ne har jikokinsa. Masanin tarihi Theodore Allen ya ce a nan aka ƙirƙiri "farar fata" don a raba kan talakawa

Dr. Lawal:
Haka ne ƙanwata, sai dai a nan masana ba su haɗu ba. Akwai masu cewa raina baƙar fata ya riga tawayen, Ingilishi sun zo da abinsu tun daga gida, kuma shi Bacon ɗin ba wani gwarzon talakawa ba ne, babban abin da ya tayar da shi neman a ba shi dama ya karkashe 'yan asalin ƙasar ne. Haka zancen Noel Ignatiev na 1995 cewa 'yan Ireland sai daga baya suka zama farare, wasu masana tarihi sun ce an zuzuta, an raina su an zage su ƙwarai su da 'yan Italiya, an ma kashe 'yan Italiya 11 a New Orleans a 1891, amma a gaban doka tun ranar da suka sauka daga jirgi farare ne, suna samun takardar ɗan ƙasa suna jefa ƙuri'a. Wannan ja-in-jan ne yake nuna min ilimi ne, don ana kawo hujja ana rushe ta.

Maman Ilham:
Tab. Ni kuwa a fom ɗin asibiti na sha ganin Balaraben Masar ko na Lebanon an rubuta masa fari ina mamaki

Zainab Birmingham:
Eh Anti haka gwamnatinsu take lissafa su shekara da shekaru, sai a 2024 aka ce za a ware musu layinsu daban

Aminu KD:
Duk naji tarihi. Amma an wuce wurin nan ai, Obama yayi mulki shekara takwas. Yau ɗin nan meye gatan? Kuma ku gaya min gatan da Baturen West Virginia yake dashi wanda mahaƙar kwal ta rufe, haƙoransa sun zube, ɗansa ƙwaya ta kashe shi, sai wata farfesa mai albashin dala dubu ɗari da wani abu tazo tace masa kai mai gata ne. Ko ni ne sai na zaɓi Trump

Dr. Lawal:
Wannan tambayar taka ita ce mai nauyi, ba ta ƙoshi ba. Bari in fara da abin da ake iya ƙirgawa. Babban bankin Amurka yana binciken dukiyar iyalai duk bayan shekara uku. A na 2022, iyalin farar fata na tsaka-tsaki yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kusan 45,000. Ba albashi ba fa, dukiya, wato gida da ajiya bayan an cire bashi. Daga ina ratar ta fito? Mafi yawa daga gida. A shekarun 1930 gwamnati ta zana taswirar birane, unguwannin baƙaƙe aka shafa musu ja aka ce haɗari ne a ba da bashi a nan, hukumar da take tsaya wa masu karɓar bashin gida ta ƙi tsaya musu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi dokar 1944 ta taimaka wa sojojin da suka dawo da karatu da bashin gida mai sauƙi, amma aka bar rabon a hannun bankuna da jami'an jihohi. A Mississippi a 1947 cikin basussuka sama da 3,000 da aka tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu ne suka je hannun baƙaƙe. Biyu. Unguwar Levittown da aka gina wa sojojin nan a New York a rubuce yake cikin yarjejeniya ba a ba wanda ba fari ba. Sai 1968 aka haramta wannan, lokacin gidajen sun riga sun yi daraja, da su aka biya wa 'ya'ya jami'a, su aka bar wa jikoki gado. Wanda ya gaji gidan nan bai zagi kowa ba, wataƙila ma mutumin kirki ne, amma ya fara rayuwa da abin da aka hana maƙwabcinsa da gangan.
Na yau kuma, akwai binciken da Bertrand da Mullainathan suka fitar a 2004, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, komai iri ɗaya sai suna, wasu Emily da Greg wasu Lakisha da Jamal. Masu sunan Turawa sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Devah Pager kuma ta tura samari neman aiki a Milwaukee, Baturen da ya ce ya taɓa zaman gidan yari ya samu kira kashi 17, baƙin da bai taɓa laifi ba kashi 14.

Maman Ilham:
Wannan na sunan kam na gani da idona, akwai wata abokiyar aikina 'yar Ibadan da ta gaji da aika takarda shiru, ta cire sunanta na farko ta sa na tsakiya na Turanci sai waya ta fara shigowa

Aminu KD:
Ban musa ba Anti. Amma Dokta a wannan binciken na bankin 'yan Asiya sun fi fararen ma dukiya, ka tsallake wannan. Kuma 'yan Najeriya a can suna cikin waɗanda suka fi kowa digiri, likitoci, injiniyoyi, su ba baƙaƙe bane? ina gatan fari ya tafi da ya zo kansu

Zainab Birmingham:
Yaya Aminu waye yake samun bizar Amurka a Najeriya? mai tura baro a kasuwar Sabon Gari? Ai tace mutane ake yi, wanda ya riga ya yi digiri ko iyayensa suke da halin biyan kuɗin makaranta da dala shi yake tsallakewa, sai ka ɗauki waɗannan ka gwada da jikokin bayi gaba ɗayansu har da wanda aka haifa a unguwar da aka shafa wa ja. Kuma ƙofar da muka bi muka shiga ai dokar shige da fice ta 1965 ce, wadda ta zo a kan guguwar gwagwarmayar su Martin Luther King, su suka sha kulki da cizon karnuka mu muka zo muka tarar an buɗe. Shi yasa nake jin kunya in naji ɗan Najeriya yana cewa baƙaƙen Amurka malalata ne

Aminu KD:
Ni ban ce malalata bane fa kar a ɗora min

Dr. Lawal:
Ba ka ce ba. Kuma zancen Baturen West Virginia ina tare da kai fiye da yadda kake zato. Matar da ta yaɗa wannan kalma ta gata, Peggy McIntosh ta kwalejin Wellesley, a 1988 da 1989 ta rubuta jerin abubuwan da take samu ba tare da ta lura ba, ta ce kamar wata jaka ce a bayanta da ba a gani cike da guzuri. Tana shiga kanti mai gadi ba ya bin ta, in ta yi kuskure ba a cewa haka jinsinsu suke, in ɗan sanda ya tsayar da ita ta san ba don fatarta ba ne, har filastar ciwo da ake cewa mai launin fata launin tata ce. Ba cewa ta yi duk fari yana jin daɗi ba, cewa ta yi cikin wahalhalunsa babu ta fata. Amma matsalar ita ce ta haɗa manya da ƙanana a jeri ɗaya, kuma rabin abin da ta lissafa haƙƙi ne da ya kamata kowa ya samu, rashin bin ka a kanti ai ba alfarma ba ce da za a ce ka ji kunyarta. Sannan ita 'yar masu hali ce, wasu abubuwan na kuɗi ne ta ɗora wa fata. An yi wani gwaji da aka buga a 2019, Erin Cooley da abokan aikinta, aka ba masu ra'ayin sassauci bayanin gatan farar fata su karanta sannan aka ba su labarin wani talaka. Tausayinsu ga talakan baƙi bai ƙaru ba, na talakan fari ne ya ragu. Wato an yi asara ba a ci riba ba. Du Bois so yake talakawan biyu su gane wanda yake tatsarsu, wannan salon kuwa ƙara raba su yake.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bi ban sa baki ba. Ni inda hankalina yake shi ne yarinyar nan da ta yi kuka. A addini babu wannan, Allah ya ce wala taziru waziratun wizra ukhra, babu ran da zai ɗauki zunubin wani. Yarinyar da aka haifa jiya me ya haɗa ta da bulalar da aka yi wa bawa shekara ɗari biyu da suka wuce? In ka ce mutum mai laifi ne saboda fatar da aka haife shi da ita ai ka koma inda ka baro, ka dai juya rigar ne kawai. Manzon Allah SAW a huɗubar ban kwana ya rufe ƙofar ta kowane ɓangare, babu fifikon fari kan baƙi ko baƙi kan fari sai da taƙawa.

Dr. Lawal:
Allah ya gafarta malam, ina da tambaya. Mutum ya ƙwace gonar maƙwabcinsa da ƙarfin sarauta, ya mutu, ɗansa ya gaje ta, kuma ɗan ya san yadda aka same ta, magadan mai gonar suna nan da rai suna ƙwadago a gonar wasu. Ɗan yana da zunubin ƙwacen?

Ustaz Nura:
Ba shi da zunubin ƙwacen. Amma gonar ba ta halatta gare shi ba, mutuwar uban ba ta wanke ta, wajibi ne ya mayar. In ya sani ya riƙe, to daga nan nasa zunubin ya fara. Na ga inda ka nufa Dokta, kuma na yarda, sai dai a gona an san mai ita an san iyakarta, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300 da wanda kakansa ya zo daga Poland jiya da wanda uwarsa fara ubansa baƙi, wa zai mayar wa wa, nawa kuma? A nan fiƙihun yake wahala.

Dr. Lawal:
A nan yake wahala, shi ya sa gwamnati ce take biya ba mutum ɗaya ɗaya ba, don ita ce ta zana taswirar kuma ita ba ta mutu ba. Bajamushe Karl Jaspers ya yi wannan rarrabewar tun 1946 da ake tambayar ko duk Jamusawa masu laifi ne kan abin da Hitler ya yi, ya raba laifin wanda ya aikata da hannunsa da alhakin da yake kan kowane ɗan ƙasa na abin da ƙasarsa ta yi. Masaniyar falsafar siyasa Hannah Arendt ma ta ce in aka ce kowa mai laifi ne to an wanke masu laifin na gaskiya kenan.

Isufu Damagaram:
Sannunku. Ni abinda na lura kukan nan arha gare shi, biya ne mai tsada. Faransa a 1825 ta tilasta ma Haiti biyan faran miliyan 150 wai diyyar iyayen gijin da suka rasa bayinsu, bayin ne suka biya kuɗin 'yancin kansu. Kuma su Faransa sun ce jamhuriya bata ganin launi, basa ma ƙidayar mutane da fata, to in ba'a ƙirga ba ta yaya zaka nuna ana hana Mamadu haya a Paris. Malamansu da yawa cewa suke wannan karatun kayan Amurka ne aka shigo musu dashi, sun manta Frantz Fanon, baƙar fata ɗan Martinique, da faransanci ya rubuta nasa littafin tun 1952

Zainab Birmingham:
Ingila ma haka. Da aka soke bauta a 1833 fam miliyan 20 gwamnati ta ware, masu bayi aka biya, bayin ko sisi, aka ma ce su ƙara yin wasu shekaru suna aiki wai koyon sana'a har 1838. Bashin da aka ci sai 2015 aka gama biya, baitulmalinsu da kansa ya sanar yana alfahari, bai lura ba cewa jikokin bayin da suke zaune a nan suna biyan haraji su ma sun biya kenan. Jami'ar UCL da ke Landan ta sa sunayen duk waɗanda suka karɓa a intanet da adadin kuɗin, wannan a wurina ya fi bita dubu amfani, dalilinsa ne wasu iyalai irin su Trevelyan suka je Grenada a 2023 suka nemi afuwa

Baba Nima:
Ku tuna min da 2020 bayan ɗan sanda Bature ya kashe baƙar fata George Floyd, su Nancy Pelosi, kakakin majalisar wakilan Amurka a lokacin, suka yafa yadin kente ɗinmu na Ghana suka durƙusa a majalisa ana ɗaukar hoto. Nan Accra dariya aka yi ta yi. Dokar gyaran 'yan sandan da suka kawo kuwa bata wuce majalisar dattawa ba

Aminu KD:
Yawwa Baba ka zo inda nake. A wannan shekarar littafin Robin DiAngelo ya hau saman jerin waɗanda aka fi saya, Baturiya ce, kamfanoni suna biyanta dubban daloli tazo ta gaya wa ma'aikata su masu wariya ne, in ka yarda ka tabbatar in ka musa tace musun naka ne hujja. Wace irin magana ce wadda ba'a iya ƙaryata ta. Floyd yana kabari ita tana banki

Dr. Lawal:
A kan wannan ba za mu yi faɗa ba. Kuma baƙaƙen masana ne suka fi caccakarta, John McWhorter ya ce littafin raina baƙar fata yake, yana ɗaukarsu kamar wasu masu rauni da dole a yi ta lallaɓawa. Shelby Steele tun 2006 ya rubuta cewa jin laifin Turawa ya koma neman wanke suna, ana yin abin da zai nuna ni ba mai wariya ba ne ko da bai amfani kowa ba. Steve Biko ya riga su duka, tun wajen 1970 yake gaya wa Turawan Afirka ta Kudu masu tausayi su daina zuwa shan shayi da baƙaƙe don hankalinsu ya kwanta, su koma cikin 'yan uwansu su yi aikin a can. Masu binciken kamfanoni irin su Dobbin da Kalev sun duba bayanan shekaru masu yawa suka ga bitar dole ba ta ƙara yawan baƙaƙe a manyan kujeru, wani lokacin ma raguwa suke. Abin takaicin shi ne da guguwar ta juyo ba ta tsaya kan masu bitar ba. Florida ta yi doka a 2022 da ta hana koyar da cewa dole mutum ya ji laifi saboda abin da 'yan jinsinsa suka yi a da, a rubuce kamar maganar Ustaz ce, kotu ma ta dakatar da wasu sassanta, amma malami mai tsoron aikinsa sai ya tsallake darasin taswirar nan gaba ɗaya don kada wani uba ya kai ƙara. A 2023 kuma kotun ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar Harvard.

Hauwa Jos:
Ina kwananku. Ni fa duk wannan ya sa ina tunanin namu. GRA ɗin da muke rububin zama ai unguwar Turawa ce da aka ware, har fili ake bari tsakaninta da gari wai kar sauro ya ɗauko musu cuta daga jikinmu. Kuma har gobe a kawo Bature kamfani da ƙaramar takarda a ba shi gida da mota da albashin injiniya goma. Bar ta wannan ma, mu da kanmu fa, "a samo mana fara doguwa", man bilicin da ya cika kasuwa, da gidajen da har yau in za'a yi aure sai an tono cewa kakan wane bawa ne. Laifi tudu ne

Ustaz Nura:
Gaskiya kika faɗa Malama. Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa a 1615 yana amsa wa mutanen arewacin Sahara da suke ganin duk baƙi halal ne a sayar, ya ce baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Bai haramta bautar gaba ɗaya ba, amma tambayar da aka yi masa kaɗai ta isa ta nuna cutar ta daɗe a cikinmu. Wanda ya yi zaman Libiya ko ya ji sunan da ake kiran baƙi da shi a wasu ƙasashen Larabawa ya sani.

Dr. Lawal:
Na yarda a duba namu, amma a duba shi da tarihinsa, kada a kwaso ma'aunin Amurka a aza. Nasu an gina shi kan layi ɗaya, fari da baƙi, da doka a rubuce. Namu ya bi ta asali da sarauta da addini da wa ya riga wa zuwa gari, kuma wanda yake sama a Kano shi ne a ƙasa a Jidda. Wannan zaure daban yake buƙata.

Aminu KD:
To a taƙaice an taɓa biyan wani kuwa ko duk surutu ne

Zainab Birmingham:
An biya. 1988 Reagan ya sa hannu aka ba kowane ɗan asalin Japan da aka tsare a sansani a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu dala 20,000 da takardar neman afuwa, waɗanda suke raye. Jamus ta amince a 2021 cewa kisan ƙare dangi ta yi wa Herero da Nama a Namibiya ta ce zata ba da yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, amma ta kira shi tallafi ba diyya ba kuma da yawa daga shugabannin ƙabilun sun ƙi. Na baƙaƙen Amurka kuwa akwai na wani ƙaramin gari, Evanston kusa da Chicago, dala 25,000 ga waɗanda aka cuta a harkar gida tsakanin 1919 da 1969 ko zuriyarsu, an ma kai su kotu a kai. Kuɗin daga harajin wiwi aka fara ɗebowa tunda jiharsu ta halatta sayarwa

Aminu KD:
Harajin me?? Ustaz dawo dawo, an mayar da gonar amma da kuɗin wiwi, ya hukuncin yake

Ustaz Nura:
Aminu ka bar ni in yi sallar la'asar tukuna.